Hanyar da Ta Ga Shugabanni Biyar

Mai zuwa Maiduguri daga Kano da rana yake lissafi. Tafiyar ta haura kilomita 550, kuma shekaru ke nan sojoji na rufe tsakanin Damaturu da Maiduguri da zarar yamma ta yi, don haka duk direban da ya san aikinsa so yake ya bar Kano kafin gari ya gama wayewa. Ana sallame Asuba za ka tarar tashar Unguwa Uku ta cika maƙil. Masu shayi sun hura wuta, 'yan dako na ta cusa buhuna a bayan mota har sai an ɗaure murfin da igiya, 'yan kamasho kuma na rantsuwa cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Wanda ya saba da tasha ya san mutum ɗayan nan yakan zama huɗu.

Ɗaurin auren ɗan wani aminina ne ya tayar da ni, bayan ɗaukewar ruwa, ana tsakiyar girbi. Na samu gaba a wata Sharon, mu biyu a kujera ɗaya, ni da wani dattijo ɗan Azare da ya ce tun yana saurayi yake aikin hanya har ya yi ritaya. A baya akwai wani Alhaji mai fataucin shanu da zai sauka a Potiskum, da wata Hajiya da ta saro atamfa a Kantin Kwari, da ɗalibai biyu na Jami'ar Maiduguri. Direbanmu ba mai yawan magana ba ne, sai fa in an taɓo zancen hanya.

Daga gadar Hotoro muka miƙa, muka bar Mariri da kasuwarta ta goro a baya. Ba a jima ba hanyar ta fara nuna halinta. Ka ɗan saki mota a kan tagwayen kwalta, sai ka ga an jera duwatsu da tsofaffin ganguna an karkatar da kai zuwa hannun masu tahowa, ku yi gaba da gaba da tirela a kan siririn titi. Ɗaya hannun kuwa yana nan a gefe yana kallonka. Wani wuri an zuba marmara an daddaɓe, wani wuri ciyawa ta riga ta rufe shi har awaki na kiwo a kai.

"Baba, wai tun yaushe ake aikin nan?" in ji ɗaya daga cikin ɗaliban.

Dattijon ya waiwaya. "Shekararka nawa, yaro?"

"Sha tara."

"To ai kusan sa'anka ne."

A 2006, zamanin Obasanjo, gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Gida biyar aka raba ta, kowane yanki da kamfaninsa: Kano zuwa Shuwarin ta Wudil, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum, Potiskum zuwa Damaturu, sai Damaturu zuwa Maiduguri. Obasanjo ya sauka, 'Yar'aduwa ya hau ya rasu, Jonathan ya yi nasa ya tafi, Buhari ya yi shekara takwas, ga Tinubu a kai. Har ranar da muka bi ta, babu direban da zai ce maka ya taɓa tuƙi daga Kano zuwa Maiduguri a kan tagwayen hanya ba yankewa.

Da ka tayar da maganar a majalisa, amsar da za a ba ka ɗaya ce: an cinye kuɗin. Ni ba zan yi rantsuwa a kan kowa ba. Sai dai akwai cutar da ta daɗe a jikin aikin hanya a ƙasar nan wadda ko ba a saci kwabo ba za ta hana aiki ƙarewa, ita ce ba da kwangilar da ta fi ƙarfin aljihu. Hanyoyin da ke wuyan gwamnatin tarayya sun kai kilomita 35,000 cikin kusan 200,000 da ƙasar ke da su, kuma dubban kilomitoci daga ciki a tsakiyar shekarun 1970 ta karɓo su daga hannun jihohi, lokacin da kuɗin mai ke shigowa ba lissafi. Kowace shekara in aka zo kasafin kuɗi, kowane ɗan majalisa so yake a ga sunan hanyar garinsu a takarda. Sai a ɗauki abin da bai isa gama hanya goma ba a gutsuttsura wa ɗaruruwa. Aikin biliyoyin naira ya samu 'yan miliyoyi, su ɗin ma ba lalle a sake su duka ba. Ɗan kwangila ya yi aiki gwargwadon abin da ya shigo hannunsa, ya kwashe katafilolinsa ya koma inda ake biya. Damina ta zo ta wanke marmarar da ya zuba. Kafin ya dawo siminti ya tashi, kwalta ta tashi, dala ta tashi, sai a zauna a sake lissafin kwangila a ƙara kuɗi, a biya aikin da aka riga aka taɓa biya. David Umahi, da ya karɓi Ma'aikatar Ayyuka a 2023, ya ce ayyukan hanya sama da 2,000 ya gada ba a kammala ba.

Muka tsallake gadar Wudil. Mun yi sa'a ba Juma'a ba ce, da mun sha cunkoson kasuwar shanu. Muka wuce Gaya da ƙura da tsalle-tsalle, Hajiya na ta salati a baya.

Da muka bar Shuwarin, mahaɗar da ke kai mutum Dutse, sai motar ta yi tsit. Ƙarar da ƙafafunta ke yi tun Mariri ta ɗauke. Kwalta baƙa wuluk, farin layi a miƙe, masu zuwa da hannunsu, masu dawowa da nasu. Direba ya gyara zama ya ƙara wuta, Hajiya ta jingina kai da buhun atamfarta ta yi barci. Can sai ya nuna mini wani allo a gefen titi.

"Malam, ka ga allon can mai rubutun Sukuk? Duk inda ka gan shi, to saki jikinka."

Ya san abin da yake faɗa, ko da bai taɓa karanta takardar ba. A Satumban 2017 ofishin kula da basussuka na tarayya ya fitar da Sukuk na farko, na naira biliyan 100. Tsarin haya ne, babu ruwa a ciki: jama'a da bankuna su zuba kuɗi a yi hanya da su, gwamnati ta riƙa biyan haya har shekara bakwai, sannan ta mayar da uwar kuɗi. Aka raba kuɗin daidai-wa-daida ga shiyyoyin ƙasar shida, aka zaɓi ayyuka 25, yankunan hanyar nan na ciki. A 2018 aka sake fitar da wani biliyan 100, aka ci gaba a shekarun da suka biyo baya. Sirrin kuɗin nan shi ne ɗaure su aka yi. An rubuta daga kilomita kaza zuwa kilomita kaza, kuɗin na ajiye a asusunsu na daban, ba mai taɓa su don biyan albashi ko wata hidima, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai an je an auna abin da ya yi. Ɗan kwangilar da ya tabbata kuɗinsa na nan yana jiransa ba ya kwashe injinansa. Da haka yankin Shuwarin zuwa Azare da na Azare zuwa Potiskum suka ƙare aka buɗe su, kimanin shekara 15 bayan sa hannu a takarda.

Ba wannan ne karon farko ba. Zamanin Jonathan an ɗan tura aikin gaba da kuɗin SURE-P, wato rarar tallafin mai da aka rage a 2012. Can baya kuma mutanen Arewa ba su manta da PTF ta zamanin Abacha ba, wadda Buhari ya shugabanta, da hanyoyin da ta gyara. Duk inda aiki ya tafi, ka bincika za ka tarar kuɗi ne da aka keɓe, aka hana su faɗawa babbar tukunyar da kowa ke tsoma ludayinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne sai an zagaye tsarin gwamnati na yau da kullum sannan aikin gwamnati ke yiwuwa.

Sai dai santsin kwalta bai hana ni ganin wani abu ba. A wani ƙauye bayan Kiyawa, hanyar ta raba gari biyu. Masallaci da makaranta a wannan hannu, famfon burtsatse da 'yar kasuwa a wancan. Na ga wata yarinya da bokitin ruwa a ka, ƙanenta riƙe a hannu, ta tsaya cak a tsakiyar titunan biyu tana jiran tanka ta wuce, iskar motar na kaɗa mata zane. Babu gadar ƙafa, babu allon da ke gargaɗin direba. Mutanen gari sun yi wa kansu magani: sun gina tudu a kan sabuwar kwalta, mai tsayin da sai da ya karci cikin motarmu. A kan tudun kuma ciniki ya kankama, 'yan mata da farantan yalo da dafaffiyar gyaɗa da awara suna bin tagogi. Masu babur da 'yan a-kori-kura, maimakon su yi doguwar tafiya neman wurin juyawa, sai su bi hannun da ba nasu ba, fitila a kunne da rana tsaka. Wanda ya zana hanyar a ofis motar da za ta wuce kawai ya gani. Mutanen da ke kwana a bakinta, da garken shanun da ke tsallaka ta safe da yamma, ba su shiga takardarsa ba.

Tsakanin Jama'are da Azare dattijon ya taɓa ni, ya nuna mini inda ambaliyar daminar 2024 ta yanke hanyar gaba ɗaya har motoci suka koma zagaye. Titin da a lokacin ko shekara uku bai cika da buɗewa ba.

"Malam, kwalta ba ta da maƙiyi irin ruwa," in ji shi. "A zamaninmu, duk bayan 'yan mil akwai barikin leburorin hanya. Kafin ruwan fari mu bi kwalbati ɗaya bayan ɗaya mu yashe, mu sare ciyawar gefe, mu buɗe wa ruwa mafita. In muka ga 'yar tsaga, a ranar za mu dafa kwalta mu toshe ta. Yanzu fa? Sai tsaga ta zama rami, rami ya zama kududdufi, kududdufi ya ci mota da mutanen ciki, sannan a kira 'yan jarida a ba da kwangila."

Akwai hukumar da aka kafa musamman don aikin da Baba ke magana a kai, wato FERMA, tun 2002. Amma ita ma daga kasafin nan na kowa da kowa take ci. A farkon 2004 gwamnatin Obasanjo ta rushe shingayen karɓar kuɗin hanya na tarayya, da niyyar maye gurbinsu da harajin naira 1 da kwabo 50 a kan kowace litar mai. Ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ta yarda ba, maganar ta bi ruwa. A 2007 aka gyara dokar FERMA, aka ce a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da na gas don gyaran hanyoyi, a raba tsakanin tarayya da jihohi. Shekaru suka yi ta wucewa doka na kwance a takarda. Waɗanda suka gaji leburorin Baba su ne yaran nan masu shebur da ke tsaye a bakin rami, in sun hango mota su watsa ƙasa, su ɗaga hannu a jefa musu naira hamsin. Direbanmu ya ce ya san ramin da ya ciyar da gida guda shekara da shekaru.

A Azare muka sauke Baba, muka ci waina da miya a tsaitsaye, direba na ta duba agogo.

Potiskum garin tireloli ne. Tun kafin ka shiga za ka fara ganinsu jere a gefen titi, da makanikai da masu faci da masu walda a ƙarƙashinsu. Kasuwar shanun garin tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, daga nan ake lodi zuwa Legas da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. Kafin Alhaji ya sauka na tambaye shi shanu nawa suke zuba wa tirela ɗaya.

"Iyakar abin da ta ɗauka, Malam. Kuɗin mota ɗaya ne, ko ka cika ko ba ka cika ba. Ga na kan hanya, kowane shinge da nasa. In ban danna mata ba, da me zan fita?"

Lissafinsa daidai ne, kuma irin lissafin da mai siminti da mai taki da mai hatsi ke yi ke nan. Amma injiniyoyin hanya suna da nasu. In aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan kai ninki 16. Babbar mota ɗaya da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Ana gani da ido: a hannun da manyan motoci ke bi, sawun taya ya fara lotsa kwalta tun ba ta tsufa ba. Tun daga Kano har inda muka sauka ban ga wurin da aka tsayar da babbar mota aka ɗora ta a sikeli ba.

Yawancin kayan nan jirgin ƙasa ne ya kamata ya ɗauke su. Turawa da dogo suka fara: ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, don kwasar gyaɗa da auduga da fatu, hanyoyin mota kuwa aikinsu a lokacin su kai kaya tasha. Bayan samun 'yanci aka kammala wani layin daga Kuru ta Bauchi da Gombe, ya shiga Maiduguri a 1964. Wannan layin ya daɗe a kwance. Saboda haka fetur da siminti da wake da shanu da bandar kifin Tafkin Chadi, duk a kan kwaltar nan suke hawa. Ma'aikatar Ayyuka na nata shiri, Ma'aikatar Sufuri na nata, titi kuma shi ke biyan kuɗin rashin jituwarsu.

Hajiya da ta farka ta ce rabin atamfar nan ma ba a Maiduguri za ta tsaya ba, ta 'yan Njamena ce. Haka ne, hanyar ba a Maiduguri ta ƙare ba. Ta Dikwa da Gamboru Ngala take shiga Kamaru, ta ɓulla Kuseri, ta tsallaka Chadi. Gabas ɗin nan kakanninmu suka yi ta fuskanta lokacin da ake zuwa Makka a ƙasa, ta Chadi zuwa Sudan, wasu suka yada zango a can har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa, suna jin Hausa har gobe. Duk wanda ya ɗauki titin nan a matsayin na jihohi biyar kawai, ya rage masa daraja.

Damagum, Ngelzarma, sai ga mu a Damaturu ana kiran Azahar. Direba ya ce a yi kasaru a haɗa da La'asar, babu zama.

Daga nan zuwa Maiduguri kilomita 130 ne da 'yan kai, kuma a nan hira ta mutu. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno: sunaye ne da duk mai sauraren rediyo ya haddace, ba don alheri ba. An sare itatuwa da ciyayi nesa da titi don kada a samu maɓoya. Shingen soja na bin shingen soja, a wani wurin fasinja su sauko su taka da ƙafa, katin shaida a hannu. Ga kangayen gidajen da aka ƙone, ga kuma sababbin da gwamnatin Borno ta gina wa waɗanda suka dawo. Manyan turakun wutar lantarki na tafe a gefenmu, irin waɗanda aka tayar da bam a 2021 Maiduguri ta yi watanni cikin duhu. A Auno ne, cikin Fabrairun 2020, matafiyan da suka iso bayan an rufe hanya suka kwana a motocinsu, 'yan Boko Haram suka auka musu da dare, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙone motoci. Awa ɗayan da ramuka da karkace-karkace suka ci wa mutum a wajen Wudil, a nan takan zama bambancin kwana a gida da kwana a bakin shinge.

Dole a yi wa masu aikin wannan yanki adalci. Ba kamfanin da zai bar ma'aikatansa da injinansa a dajin da ake harbi. Amma uzurin tsaro iyakarsa nan. Bai kai Gaya ba, bai kai Wudil ba, inda mota ta fi yawa kuma aka fi daɗewa ana jira.

Muka wuce Njimtilo, muka sauka a Tashar Kano da sauran rana.

A wurin ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, zancen hanya ya sake tashi, wannan karon na sababbin manyan ayyuka: ta bakin teku daga Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700, da ta Sakkwato zuwa Badagry mai sama da kilomita 1,000, waɗanda aka fara a 2024, da kankare maimakon kwalta. Ba na ƙyashin kowa. Mutumin Illela da na Kebbi su ma suna da haƙƙin titi mai kyau. Tsorona kawai na san yadda labarin ke tafiya. Hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, a Disambar 2017 aka ba da ita a kan naira biliyan 155. A 2021 aka faɗaɗa aikin, kuɗin suka koma biliyan 797. A ƙarshen 2024 yankin Abuja zuwa Kaduna bai ƙare ba, aka soke kwangilar, daga baya aka ba wani kamfanin. Wannan fa hanyar da ministoci da sanatoci ke bi ke nan.

Kirana ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno shi ne su haɗa baki a kan titin nan ɗaya kafin kowa ya koma neman na ƙauyensu. A ɗaure wa yankunan da suka rage kuɗinsu kamar yadda aka yi da Sukuk, a kafa sikeli a Wudil da Potiskum a kuma bar shi ya yi aiki, a ware na yashe kwalbati kowace bazara tun hadari bai haɗu ba. Kai kuma mai karatu, in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a da alkawarin sabuwar hanya, ka tambaye shi nawa aka sa wa hanyar Kano zuwa Maiduguri a kasafin bana, kuma nawa aka saki.